Katakon Da Ba Ya Ƙara

Ƙarfe shida da rabi na safe, Umma tana kicin tana dafa shayi, Yaya Babba yana falo ya ƙure rediyo, ita kuwa Tsuntsuwa tana durƙushe a ɗakinta, ta tokare ƙofa da kujera, yatsunta goma suna gudu a kan katako.

Dogon katako ne da aka goge shi sumul, aka zana masa maɓallan fiyano farare da baƙaƙe da fenti. Ba ya motsi, ba ya ƙara. Sautin duk a cikin kanta yake, domin shekara uku da rabi a sashen kiɗa na kwaleji sun koya mata ta dubi alamomi a takarda ta ji su a kunnenta kamar ana kaɗa su a gabanta.

Aka buga ƙofa da ƙarfi.

"Ke! Me kike yi kika kulle kanki?"

Ta tura katakon ƙarƙashin gado, ta ja zanin gado ya sauko ƙasa, sannan ta janye kujerar.

"Karatu nake yi, Yaya."

Ya leƙo, ya bi ɗakin da kallo, ya tsayar da ido a kan takardun da ke warwatse a ƙasa.

"Waɗannan ƙwayoyin baƙaƙe masu wutsiya su ne karatun? Allah Ya kyauta. To, a dai tsaya a takarda. Kin san sharaɗina."

Ta san shi sarai. Tun da Baba ya rasu gidan ya koma hannun Yaya Babba, mai kemis a bakin titi, kuma da ƙyar ya bar ta ta karɓi gurbin karatun. Sharaɗinsa shi ne kada a ji sautin kiɗa daga ɗakinta, kuma kada wani mahaluki ya gan ta zaune tana kaɗa wani abu. Ya ce ta yi tarihi, ta yi ƙa'idojin kiɗa, ta fito ta koyar a makarantar ƴan mata. "Duk ranar da kika saɓa mini," in ji shi a lokacin, "ba za ki ga daidai ba." Shi da ya faɗi haka, lasifikar shagonsa ba ta hutawa daga safe har yamma, kuma bai taɓa tambayar kansa ko ƙanwar wa ce ke waƙar ba.

Abin da ba ta gaya masa ba shi ne karatun ƙafa uku gare shi, kuma ta ukun ita ce kaɗawa. Babu mai karɓar takardar kammalawa sai ya zauna a babban zauren kwaleji ya yi kiɗa na minti arba'in a gaban malamai uku masu ba da maki da duk wanda ya ga dama ya shigo. Saura mako uku ranar ta zo.

Mutum ɗaya ne a unguwar ya san wannan, shi ne Kafinta, wanda shagonsa ke ƙarshen layinsu. An riga an yi magana tsakanin manya, an tsayar cewa za a ɗaura musu aure da zarar ta gama. Shi ne ya taimaka mata a lokacin da iska ta yaye rufin sashen kiɗa aka rufe shi mako goma. Ya zo mata da katakon a naɗe cikin buhu yana dariya.

"Ga fiyanonki, ranki ya daɗe. Ba ya cin wuta, ba ya tona asiri."

Mako goman nan ta yi su a kan katakon, safe da yamma. Har murna take yi, domin wuraren da a da sai ta buɗe hannu iya buɗewa kafin ta kamo maɓalli na farko da na takwas lokaci guda, yanzu suna zuwa mata cikin sauƙi. Ta ɗauka hannunta ne ya saba.

A ranar nan da Yaya ya buga mata ƙofa aka sake buɗe sashen. Ɗakin gwaji mai lamba huɗu yana warin sabon fenti, Malama tana zaune gefen fiyano da fensir a hannu. Tsohuwa ce ƴar siririya wadda ba ta yabo kuma ba ta tsawa, ɗalibai sun fi tsoron shirunta.

"Bismillah. Daga farko."

Layi biyun farko suka tafi lafiya. Da aka zo inda hannun hagu zai yi tsalle, ƙaramin yatsanta ya sauka a kan maɓallin da ke kusa da wanda take nufi. Sautin ya fito a karkace, mai sa haƙora tsami. Ta koma. Ya sake sauka a wuri ɗaya. Ta koma sau shida.

Malama ta ajiye fensir.

"Kin yi firaktis kuwa a hutun nan?"

"Wallahi kullum, Malama. Kullum!"

"To abin da na ji yau, idan shi za ki kai zaure, ba zan iya cetonki ba. Sai ki maimaita shekara."

Maimaita shekara yana nufin a gaya wa Yaya dalili, kuma yana nufin a ɗaga aure. Ta tattara takardunta ta fito daga ɗakin.

Kwana huɗu ta yi a cikin wani irin tsoro da ba ta taɓa sani ba. A gida, kan katako, komai daidai. A kwaleji, kan fiyano, hannun ya ƙi ta. A cikin bas takan buɗe tafinta ta ƙura masa ido tana neman kumburi ko karkarwa. A ajin tarihi malami yana bayanin yadda mutanen zamanin da suka fara ƙirƙiro layukan rubuta sauti, ita kuwa maganar Yaya ce kaɗai ke yawo a kanta: ba za ki ga daidai ba. Ko bakinsa ne ya kama ta? Ko alhakin ɓoye-ɓoyen ne? Umma ta dube ta sau biyu kamar za ta yi magana, sai ta mayar da kai ga wanke-wankenta, kamar yadda ta saba tun da aka yi rasuwa.

A rana ta biyar Malama ta rufe murfin fiyano ta ce, "Gaya mini gaskiya. A kan me kika yi firaktis?"

Tsuntsuwa ta sunkuyar da kai ta faɗa mata komai, har da buhun.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko alli ta nuna tebur.

"Rufe idonki. Ɗora hannu kamar za ki kamo na farko da na takwas."

Ta ɗora. Malama ta ja layi a bakin babban yatsa, ta ja wani a bakin ƙarami, ta auna tsakaninsu da rula, sannan ta buɗe fiyanon ta ɗora rular a kan maɓallai.

"Buɗe ido ki gani. Na gaskiya inci shida da rabi ne. Naki bai kai shida ba. Hannunki lafiyarsa ƙalau, yarinya. Ya koyi abin da aka koya masa ne, kuma ya koya da kyau. Katakonki ne ƙarami."

Ba ta san lokacin da kuka ya ƙwace mata ba. Daga kwaleji kai tsaye ta wuce shagon Kafinta. Ta same shi yana fere ƙafar kujera, garin katako har girarsa.

"A ina ka auno maɓallan nan?"

"A wani shago a kasuwa. Akwai fiyano a taga, na roƙi mai shagon na sa tef. Lafiya na ga idonki haka?"

"Wane iri ne?"

"Ɗan madaidaici, mai batir. Ja ne, da hoton zomo a gefe—" Ya tsaya. Abin firar ya zame daga hannunsa. "Innalillahi. Kada ki ce mini ba duka girmansu ɗaya ba."

"Na yara ne! Na wasan yara ka auno mini!"

Ya zauna a kan benci ya riƙe kai da hannu biyu. Mutumin da ba ya yanka katako sai ya auna sau biyu, yau ga shi ya auna daidai, amma a kan abin da ba shi ne ba.

"Mako goma na ɓata miki," ya ce. "Ni da na ce zan taimake ki. Ki yafe mini, don Allah. Gobe da sassafe zan je kwalejin da tef ɗina, ko da mai gadi zai kore ni."

Ya je, Malama da kanta ta buɗe masa ɗaki. Washegari da la'asar ya iso ƙofar gidansu da sabon katako a cikin buhu, fentin ko gama bushewa bai yi ba. Tsuntsuwa ta miƙa hannu za ta karɓa ke nan sai ga babur ɗin Yaya Babba ya shawo kwana. Ya manta makullin sito ne ya dawo ɗauka.

"Mene ne wannan?"

Ya fizge buhun ya zaro katakon, ya dube shi daga wannan kai zuwa wancan. Fuskarsa ta canza.

"Ku shigo. Dukanku."

A falo ya jingina katakon da bango kamar shaida a kotu. Umma ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Tsuntsuwa ta durƙusa, ta faɗi gaskiyar da ta ɓoye shekara uku da rabi: zauren, malamai uku, minti arba'in, ƙofa a buɗe ga kowa.

"A gaban maza da mata! Ƙanwata! Gobe a zo shagona a ce mini, ashe gidanku makaɗa ne!" Ya juya kan Kafinta. "Kai kuma, munafuki, na ba ka amana kana haɗa baki da ita a bayana?"

"Yaya, ɓoyewar laifi ce, kuma na ɗauka," in ji Kafinta, kansa a ƙasa. "Amma karatun ba laifi ba ne. Na ga wurin da idona. Aji ne da allo da malamai, kamar inda ka yi naka."

"Rufe mini baki! To ku ji da kyau. Idan ta hau wannan dandali, babu aure. Na fasa. Idan kuwa ta haƙura da jarrabawar, wata mai zuwa sai a ɗaura. Ke, zaɓi!"

Ta dubi Umma, Umma ta dubi tsumman hannunta. Ta dubi Kafinta, ta ji bakinta ya buɗe zai ce na haƙura, domin ba ta ga yadda za ta rayu a gidan nan babu ranar fita ba. Kafinta ya riga ta.

"Kada ki zaɓa saboda ni. Idan kika ajiye wahalar shekara uku da rabi don ki aure ni, kullum na dube ki zan ga abin da na sa kika rasa. Ki yi jarrabawarki. Ni ina nan. Shagona ba ya tafiya ko'ina, kuma zan ci gaba da zuwa gaishe da Yaya har ranar da zai huce."

"Za ka daɗe! Fice mini daga gida!"

Yaya ya shiga ɗakinta ya zaƙulo tsohon katakon, ya haɗa da sabon ya ɗaure a bayan babur. Bai hana ta zuwa kwaleji ba, domin ya tabbata tsoron rasa aure ya ishe ta linzami.

Saura kwana goma sha huɗu. Malama ta ba ta makullin ɗaki na huɗu daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, kafin sauran ɗalibai su zo. Aikin mai ban haushi ne: tsalle ɗaya, a hankali, sau hamsin, ido a rufe, har hannun ya manta ƙaryar da ya haddace. Wata rana ya yi daidai, washegari ya koma gidan jiya. A gida ba ta da mai yi wa magana. Idan ta wuce ta gaban shagon Kafinta sai ya ɗaga mata hannu daga nesa ya ci gaba da aikinsa, don kada a kai wa Yaya labari. Kullum da safe Yaya yakan tambaye ta, "Kin gaya musu kin janye?" Takan ce, "Tukuna, Yaya." A daren jajibiri bai tambaya ba, kallonta kawai ya yi, kuma wannan ya fi ba ta tsoro.

Ƙarfe biyu na rana aka kira ta. Zauren ya fi yadda take zato girma. Malamai uku a teburin gaba, ɗalibai kamar talatin a warwatse, fiyano baƙi a tsakiyar dandali. Kafinta yana layin ƙarshe cikin rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Mai tsaron ƙofa, wani dattijo mai furfura, ya rufe ƙofar ya tsaya a jikinta. Dokar zauren ce tun fil'azal: da zarar an fara kiɗa ba a buɗe ƙofa ga kowa, ko shugaban kwaleji ne, sai an kai ƙarshen abin da ake kaɗawa.

Ta zauna, ta goge tafinta a jikin siket, ta fara. Kiɗan farko minti goma sha biyu ne, kuma a cikinsa tsallen nan yake. A shafi na biyu ta ɗaga ido, sai ta ga fuskar Yaya Babba a gilashin ƙofa.

Yana buga gilashin da yatsa, yana nuna ta, yana yi wa dattijon alamar ya buɗe. Dattijon ya ɗora yatsa a leɓe ya juya masa baya. Minti tara suka rage kafin ƙofar nan ta buɗe, sannan zai tako har kan dandali ya ja ta a gaban kowa. Gumi ya gangaro mata ta bayan kunne. Yatsunta suna tafiya da kansu, ita kuwa ji take kamar ta miƙe ta gudu ta ƙofar baya. Tsallen yana matsowa, layi huɗu, layi uku. Ta ce a ranta, idan ma zai ja ni, sai dai ya ja ni bayan na gama wannan. Ta ɗauke ido daga ƙofar ta jefa hannun hagu.

Ya sauka daidai. Na biyu ya sauka daidai. Na uku ya goga maƙwabcinsa kaɗan, ta wuce ba ta waiwaya ba.

Da sautin ƙarshe ya mutu aka tafa, dattijon ya murɗa hannun ƙofa. Tsuntsuwa ta runtse ido tana jiran takun takalmi. Da ba ta ji ba, sai ta buɗe ido. Umma ce ta fara shigowa, da mayafinta na fita unguwa, hannunta damƙe da wuyan hannun Yaya kamar ranar da ta fara kai shi makaranta. Ta ja shi zuwa kujera, ta danna kafaɗarsa ya zauna, ta zauna a gefensa ba ta sake shi ba. Dattijon ya sake rufe ƙofa.

Minti ashirin da takwas da suka rage Tsuntsuwa ta kaɗa su har ta kai ƙarshe.

A baranda Yaya ya fizge hannunsa.

"Umma, kin ga abin da kika yi? Kin bar ta ta kunyata mu!"

"Wace kunya?" in ji Umma. Muryarta ba ta tashi ba, amma mutanen da ke wucewa suka rage tafiya. "Na zauna na duba da idona. Na ga yarinya da suturarta tana rubuta jarrabawa da yatsu. Da na ji ka tayar da babur na san inda za ka, shi ya sa na bi ka a tasi. Tun da mahaifinku ya rasu na yi shiru, na ce kai ne babba, kada in karya ka a gaban ƙanwarka. Ashe shirun nawa ne ya sa ta koma karatu a ɓoye kamar ɓarauniya a gidan ubanta. Laifin nawa ne, kuma yau ya ƙare. Maganar aure kuwa, ni na haife ta, ba kai ba."

"To ku ɗaura ba da ni ba!"

Ya juya ya tafi. Umma ta ce za ta je wurin ƙanin mahaifinsu a gama magana a makon nan, amma Kafinta ya durƙusa ya roƙe ta.

"Umma, a ba shi lokaci. Ba na so in raba ta da ɗan'uwanta. Mun jira wannan, za mu jira wancan."

Sakamako ya fito bayan wata guda. Ba ta zo ta ɗaya ba, amma ta ci da daraja, kuma Malama ta rubuta mata takardar da ta samo mata aikin koyarwa. Wata bakwai Kafinta yana tsayawa a ƙofar kemis kowace safiya ya yi sallama, wata bakwai Yaya yana amsawa da ƙyar ba tare da ya ɗago ba. A wata na takwas, ranar wata Laraba, Yaya ya ce masa yana ƙirga ƙwayoyi a faranti, "Ka gaya wa mutanenka su zo ranar Asabar. Kuma ka daina tsaya mini a ƙofa, kana tare mini kwastomomi."

Bai taɓa ba da haƙuri ba, kuma har yau bai yarda ya yi kuskure ba. Amma shi ya zauna a sahun gaba ranar ɗaurin auren, shi ya kai ta ɗakinta da kansa.

Ƴan'uwana mata, sau da yawa ana ba mu tsoro a ce mana sunansa haƙuri, mu kuma mu karɓa mu haɗiye. Wanda ya jira wata takwas ba tare da ya zagi kowa ba kuma ba tare da ya sa masoyiyarsa ta zubar da karatunta ba, shi ya yi haƙuri, kuma Allah Ya biya shi. Ku kuma iyaye da yayye, ku sani cewa yarinyar da aka hana ta abin da ba laifi ba, ɓoyewa za ta koya, kuma alhakin wannan ɓoyewar yana kan wanda ya toshe mata ƙofa da wanda ya gani ya yi shiru.